Iyakar Katin Tato

Talata, 18 ga Nuwamba, da yamma

Tato ya yarda zai je. Ban tambaye shi abin da ya juya shi ba, don mahaifin nan nawa in ka nemi dalili sai ya fasa. Yana shan miyar kabeji, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Ki nemo mana kujera biyu. Ni ba zan tsaya da ƙafa har Praha ba." Saura kaɗan cokali ya suɓuce mini. Shekara tara rabonsa da ambaton garin nan sai in zai zagi 'yan ƙwallonsu, balle sunan Radko, ƙanena, ɗan cikinsa. Tun ranar jana'izar Mama, da abin da aka faɗa a kicin ɗin nan. Ba zan rubuta shi ba.

Zdenka, matar Radko, ta ce likitoci ba za su bar kowa ya shiga ɗakin da yake kwance a asibitin Praha ba sai an gama wannan zagayen maganin, sha biyar ga Disamba. Ita kanta ta bayan gilashi take ganinsa. To, sha shida za mu tashi daga Humenne. Shugabar makaranta ta ba ni hutu daga ranar, bayan na roƙe ta kamar ranta na zo ara. Wai wa zai dafa wa yara. Na ce Terka tana da hannu biyu, ai ba ni kaɗai aka ɗauka aikin girki ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Daga aiki na wuce tashar jirgin ƙasa, ko gida ban biya ba. Gizka ce a tagar sayar da tikiti, wadda muka yi aji ɗaya tun tana satar amsa a littafina. Na ce mata mutum biyu, Praha, sha shida, kusa da ƙofa saboda gwiwar Tato.

Ta danna, ta danna, ta ce, "Jarka, ba a buɗe ba."

"Me ba a buɗe ba? Ga taga a buɗe, ga ki a zaune kamar kaza kan ƙwai."

"Sabon jadawali, ke ma kin sani. Sha huɗu ga Disamba za a canja, kamar yadda ake yi kowace shekara. Namu ya shigo, na ƙasar Cek ne bai shigo ba. Har Cadca, garin kan iyaka, zan iya ba ki yanzun nan. Daga kan iyaka kuwa na'urar nan ba ta san akwai jirgi ba."

"To jirgin in ya kai iyaka zama zai yi ya yi kuka?"

"Jirgi zai wuce abinsa. Kujerar ce ba ni da ikon sayar miki. In na yanka miki rabi yanzu, rabin can ya zo ya cika da 'yan Kirsimeti, tsohonki zai yi awa huɗu a tsaye bakin banɗaki. Ki dawo Litinin."

Na ce Allah ya shirya ta da na'urarta. Ta ce amin, ta kuma tambaye ni jikin Radko. Na ce da sauƙi.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da safe

Rigimar kati ta tashi. Tato ya zaro katinsa na 'yan fansho daga aljihun rigar sanyi, ya buga shi kan tebur, wai kada in kuskura in biya masa ko sisi, shi kyauta yake hawa jirgi.

Na ce, "Tato, katinku iyakarsa Cadca. Daga nan ƙasar wasu ce, sai an biya."

"Ƙasar wa? Shekara biyu na yi soja a Pilzen, na ci dankalinsu har ya fita mini a rai. Ƙasa ɗaya ce."

"Fiye da shekara talatin ke nan da rabuwar ƙasarmu da ta Cek."

"Ni an tambaye ni?"

Haka muka yi ta yi har shayi ya huce. Mutum mai shekara tamanin da ɗaya, kai kamar dutsen niƙa. Radko ma haka yake, shi ya sa muke inda muke. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni ce dai aka bari a tsakiya ina ɗaukar saƙon da ba a ba ni ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Ba a buɗe ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, da yamma

Radko ya kira da hoto. Yana sanye da hular ulu da na saƙa masa, ta yi masa yawa yanzu, har kan gira take saukowa. Girar ma babu. Na tsaya ina kallon labulen bayansa don kada ya ga fuskata.

Ya ce, "Janar, ya rundunar tukwane?" Tun muna yara haka yake kirana.

Na ce, "Suna nan suna jiran ka zo ka wanke su, malalaci."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, na jira. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Da gaske tsohon zai zo? Ko ɗaure shi za ki yi a jaka?"

"Shi ya ce a nemo kujera."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

Can ya ce, "Kada ki nuna masa hotona tukuna." Na ce to. Tato yana ɗakin gaba duk wannan lokacin, ya ƙure rediyo kamar kurma, amma da na fito na tarar da ƙofarsa a buɗe rabi.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Ba a buɗe ba. Na gwada ta waya ma, shafin namu da shafin nasu. Namu ya ce babu jirgi. Nasu ya nuna mini jirgin, da lambarsa da komai, na danna saya, ya ce in sake gwadawa nan gaba. Nan gaba! Na yi jifa da wayar kan gado.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da rana

Zdenka ba ta ɗauka ba sau uku. Da ta ɗauka ta ce zazzaɓi ne, sun ce ana samun haka. Ta yi ta maimaita "ana samun haka" har na ji kamar in ce ta yi shiru. Ban ce ba. Yarinyar nan ita kaɗai ce a can, tana kwana kan kujerar roba.

Na yi wanki, na goge tagogi, na sake goge su. Tato ya ce za ki huda gilashin.

Litinin, 1 ga Disamba, ƙarfe huɗu da rabi

Na yi wa Gizka tsawa a gaban mutane. Na ce mutane sun je wata sun dawo amma ƙasa biyu da suke jin yaren juna sun kasa haɗa jadawali ɗaya. Wani mai hula a bayana ya ce, "Uwargida, layi fa." Na juya na ce masa ya saya wa kansa haƙuri tunda ga taga.

Gizka ba ta rama ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ta leƙo ta ƙasan gilashi ta ce, "Jarka, ba sauƙin ba ne, ko?" Na ce mata ni tikiti na zo saya. Ta karɓi lambata ta ce da an buɗe za ta turo mini saƙo, in daina wahalar da ƙafata.

Laraba, 3 ga Disamba, da safe

Terka ta kwanta da mura. Ni kaɗai da yara ɗari uku.

Juma'a, 5 ga Disamba, da yamma

Yau yara suke jera takalmansu a taga don Waliyyi Mikulash ya zuba musu alewa, masu ƙiriniya kuma gawayi. Na dawo na tarar da Tato ya shimfiɗa jarida yana goge takalminsa na zuwa coci. Na ce, "Ku ma alewar kuke jira? Gawayi za a zuba muku, da wannan halin naku." Ya ce takalmi ba ya son a bar shi sai ranar tafiya. Ya fito da kwat ɗinsa ma ya rataye a ƙofar kabad. Kwana goma sha ɗaya kafin tafiyar.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Lahadi, 7 ga Disamba, bayan coci

Zdenka ta kira. Sun tsayar da maganin. An mayar da shi ɗakin da ke da taga, ba gilashi, ba rufe baki da hanci, kowa zai iya shiga. Ta ce likita ya ce iyali su zo, ba sai an jira sha biyar ba.

Ban tambaye ta me ya sa ba. Ni ba yarinya ba ce.

Ina ajiye wayar saƙon Gizka ya shigo: an buɗe, kujerun sha shida suna nan birjik, in zo in zaɓa. Na zauna a ƙasan kicin na yi dariya, irin wadda ba ta da kyau.

Litinin, 8 ga Disamba, ƙarfe biyar

Shugaba ta ce Alhamis Terka za ta dawo, kafin nan ba ta da wanda zai riƙe kicin. Na buɗe baki zan ce yaran su ci burodi, sai na kasa. Shekara ashirin da shida ban taɓa barin tukunya a kan wuta na tafi ba. Na ce to, Alhamis. Na sake kiran Zdenka na ce Alhamis ta yi? Ta ce, "Ina jin ta yi." Na riƙe wannan "ina jin" ɗin da hannu biyu.

Gizka ta yanka mana. Tarago na uku, kujera biyu kusa da ƙofa, canji ɗaya a Kosice, har Praha a takarda ɗaya. Ta haɗa wa Tato na kyautarsa har iyaka, na biya ragowar. Na kawo gida na maƙale su a jikin firji.

Tato ya sa tabarau ya karanta. Ya ce, "Alhamis."

Na ce, "Alhamis."

"Me ya sa aka matso da ita?"

"Sun ce ya samu ƙarfin ganin mutane."

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake mini in na ce ba ni na fasa kofi ba. Bangon gidan nan kamar takarda yake, na san ya ji wayar jiya.

Talata, 9 ga Disamba, sha biyu saura, a kicin ɗin makaranta

Tato yana Cadca.

Da asuba na fita na bar ƙofarsa a rufe, na ɗauka barci yake. Ashe ya riga ni fita. Ina tsakiyar murza ƙullu wayata ta yi ƙara, sai ga muryarsa da hayaniyar tasha a baya.

"Jarka, sun sauke ni."

"Wa? Ina? Kuna ina?"

"Mai duba tikiti. Wani yaro da ko gemu bai tsiro ba. Wai katina ba ya aiki bayan iyaka. Na ce masa ni na yi soja..."

"Ai na faɗa muku! Ban faɗa ba? Ga tikitinku a jikin firji, Alhamis, Alhamis na ce! Tsoho kamarku a wannan sanyin, da gwiwa ɗaya!"

Ya kashe wayar. Na kira Gizka ina zage-zage, na ce a ba ni sunan wanda ya jefar da ɗan shekara tamanin a kan iyaka, sai na ga bayansa.

Ƙarfe ɗaya

Gizka ta ce in numfasa tukuna. Ta ce ba a sauke mutum don wannan, a cikin jirgin ake yanka masa ragowar, kuɗin ma bai taka kara ya karya ba. Sai ta tambayi yarinyar da ta yi aikin asuba. Yarinyar ta tuna shi sarai, tsoho mai kwat da takalmi mai sheƙi. Ta ce ya miƙa katinsa ya ce, "Cadca." Ta tambaye shi ko zai wuce gaba ta haɗa masa. Ya ce a'a, Cadca.

Na zauna kan buhun fulawa. Ashe ya sani. Duk ƙasa ɗayan nan da dankalin Pilzen, ya san inda katinsa yake ƙarewa fiye da ni.

Na kira shi. Wannan karon ban ɗaga murya ba.

"Tato, wane gari kuka ce wa yarinyar a taga?"

Ina jin ana sanar da wani jirgi.

"Akwai kuɗi a aljihunku?"

"Akwai."

"To wa ya sauke ku?"

Can ya ce, "Na ce bari in matso kusa. Daga nan in ga ko zan iya." Muryarsa ta zama ƙarama, ban taɓa jin ta haka ba. "Jarka, in na shiga ya juya fuska bango fa? Kin san abin da na ce masa."

"Na sani. Ina wurin."

"In kuma na shiga ban gane shi ba?"

Nan hawaye ya zo mini, yara suna buga cokula a ɗakin cin abinci. Na ce, "Ba za ku gane shi ba da farko. Ya rame, babu gashi, akwai hula. Ku kalli idon. Tato, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ku kuka koya mini. Mako biyu ke nan da ya tambaye ni ko da bakinku kuka ce za ku zo."

"Ya tambaya?"

"Sau biyu."

Ya ce in saya masa ta waya, tunda ni na iya abubuwan nan. Na so in yi, Allah ya sani. Amma wayarsa mai maɓalli ce, ba ta nuna tikiti, ba inda zan tura masa. Mako uku ina safa da marwa a kan kujerarsa, yau kuma ba abin da zan iya saya masa. Na ce, "Ga taga nan a gabanku. Ku tashi ku je. Kada ku kashe wayar."

Na ji ƙarar sandarsa a kan siminti, a hankali, ya tsaya, ya ci gaba. Na ji wata mata ta ce ina zuwa.

"Praha," in ji shi. "Zuwa kawai."

Ta faɗi kuɗin. Ya ce, "Nawa? A ƙasata?" Amma na ji ƙarar tsaba a kan faranti.

Miyar yara ta kama. Su ci haka.

Laraba, 10 ga Disamba, da safe

Zdenka ta tare shi a tasha jiya da yamma. Ta ce ya tsaya a ƙofar ɗakin ya cire hularsa kamar zai shiga coci, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Radko ne ya fara magana. Ya ce, "Tato, kun tsufa." Shi kuma ya ce, "Kai ma ba ka yi kyau ba." Sai ya ja kujera ya zauna ya soma ba shi labarin yadda aka cuce shi a Cadca, har da adadin kuɗin. Zdenka ta ce Radko ya yi dariya har sai da aka ɗaga masa matashi. Ta fita ta bar su. Da ta dawo, hannun Radko yana cikin na Tato.

Tato ya ƙi zuwa gidan Zdenka ya kwana. Ya ƙwace kujerar robar.

Gobe ni ma. Na haɗa jaka, na sa cukwin tumaki da Radko yake so, ko da lasa ce ya yi.

Alhamis, 11 ga Disamba, a cikin jirgi

Tarago na uku, kusa da ƙofa. Kujerar Tato babu kowa, na ɗora jakata a kai. Wata ɗaliba ta tambaya ko da mutum, na ce da mutum.

Mun wuce Cadca. Na leƙa na ga bencin da ke ƙarƙashin agogo, ban san ko a kansa Tato ya zauna ba.

Bayan Ostrava

Waya ta yi ƙara, lambar Zdenka, amma Tato ne.

"Kina ina?"

"Mun bar Ostrava. Saura awa uku da wani abu. In na sauka tasi zan hau, ba zan jira..."

"Jarka." Ya yi gyaran murya. "Ba sai kin hau tasi ba. Ki zo a hankali."

Ɗalibar ta miƙo mini ruwa. Ban san na yi ƙara ba.

Asabar, 13 ga Disamba, da rana, tashar Praha

Na ji haushin shugaba, na ji haushin Terka da murarta, na ji haushin ƙasa biyu da jadawalinsu. Na fi jin haushin kaina da na tsaya sai takarda ta cika, kujera kusa da ƙofa. Tato ya bar ni na gama, muna zaune a benci, sannan ya ce, "Ya ce a gaya wa Janar kada ta yi faɗa da kowa." Ya ce ya faɗa ne da safiyar Laraba, da hankalinsa garau.

Na tambaye shi ko sun yi maganar kicin. Ya ce, "Mun yi." Bai ƙara ba, ni ma ban nema ba.

Na shiga layi. Matar taga ta ce ina zuwa, na ce Humenne, gobe. Ta ce sabon jadawali ne daga gobe, in lura da lokacin canji a Kosice. Ta ce mutum nawa. Na ce uku, ni da mahaifina da surukarmu.

Tato ya tsaya a bayana yana riƙe da jakar kayan Radko, ya ƙi bari kowa ya taɓa ta. Gawar Radko mota ce za ta kai ta gida ranar Litinin, a binne shi kusa da Mama. Tato ya tambayi direban ko akwai wuri a gaba, aka ce babu.